Fuskar Auta a Littafi Dubu Talatin

Shekara goma sha tara ke nan ina tsaye gaban injin buga littattafai, kuma ban taɓa karanta ko ɗaya daga bango zuwa bango ba. Aikina in ga tawada ta zauna, launi bai hau kan launi ba, takarda ba ta maƙale ba. Abin da aka rubuta a ciki, wannan ruwan masu rubutu ne. Masu daɗin baki da yawa sun shigo maɗaba'ar nan sun fita. Mutum ɗaya ne na ga ya isa in zauna in ba da labarinsa, shi ne mai zanenmu, wanda muke kira Fensir.

Dogo ne siriri, ga sanƙo mai tsini, shi ya sa sunan ya bi shi. Da allunan shaguna ya fara, kawuna a ƙofar masu aski, zaki a bayan manyan motoci. Bai yi nisa a makaranta ba. Manajanmu ya ga wani allo da ya yi wa mai gyaran agogo, ya sa aka nemo shi. Tun ranar yake zaune a lungun taga, kan tebur mai gurguwar ƙafa da ya tokare da guntun kwali.

Yawancin aikinmu littattafan yara ne, irin waɗanda ƙungiyoyi ke kawowa a buga a raba kyauta a makarantu. Yaron da ya faɗa shaye-shaye, yarinya mai tafiya da sanda ana yi mata dariya, uban da ke dukan uwa a gaban 'ya'ya. Shafi ashirin da huɗu, a na ƙarshe kowa ya gane kurensa, a yi murmushi.

Aibin Fensir a sana'a ɗaya ne, ba ya iya ƙago fuska da ka. Mota, itace, akuya, ido rufe zai zana maka. Fuska kuwa sai ya gan ta. Don haka duk wanda ya gifta ta gabansa ya shiga littafi. Mai gadinmu ya zama likita, matar da ke kawo mana abincin rana ta zama lauya. Ni sau huɗu ina shiga, duk a mugu.

"Fensir, wai ni ba ranar da zan zama mutumin kirki?"

"Injiniya, ka taɓa duba madubi da safe? Ni abin da na gani nake kwafa."

"Allah ya isa."

"Na ji. Juyo gefe, hancin nan nake so."

Ba wanda ya damu. Manya ba sa buɗe littafin yara, yaran kuma ba su san mu ba.

Bara ne wata marubuciya ta kawo labari daga wata ƙungiya. Yarinya ce aka haifa da cutar ƙanjamau, tana shan magani kullum, 'yan ajinsu suka ji suka guje ta. Daga baya malamarsu ta fahimtar da su, a shafin ƙarshe ga su suna ci a kwano ɗaya. Marubuciyar mace ce mai hankali, ban ɗora mata laifi ba. Ta tsaya a kan teburin Fensir ta ce, "Malam, don Allah kada ka zana ta a rame. Ina son yarinya kyakkyawa, jikinta sumul, wadda duk yaron da ya gan ta zai so su yi ƙawance. Kwana goma gare mu."

Yarinya ɗaya Fensir ya sani mai wannan siffa, autarsa. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji biyar. Yayyenta maza uku sun girma sun kama gabansu, ita ta zo a makare, ya ɗora mata son duniya. Ya zana ta yadda take, da wushiryarta, da tabon da ke kan girarta ta hagu inda ta taɓa buga murfin taga, har yadda take riƙe biro da hannun hagu. Bai gaya mata ba. So yake littafin ya fito ya ba ta mamaki.

Da takardar gwaji ta fito daga inji, na ɗaga ta na ce, "Kai, ga Auta!"

Ya washe baki har kunne. "Ta fito ko?"

"Kamar ka kira ta ta amsa."

Iyakar abin da na ce ke nan. Da na karanta layi biyun da ke ƙasan hoton, wataƙila da na tsayar da aikin. Ban karanta ba. Na danna, dubu talatin suka fito.

Wata biyu bayan haka, wajen ƙarfe biyu na rana, inji na gudu, na ga Auta a bakin ƙofa da kayan makaranta. Ta saba zuwa karɓar makullin gida, takan ce "Kawu, sannu da aiki," ta tsaya kallon takardu na zubowa. Ranar ko kallona ba ta yi ba. Ta wuce lungun taga, ta ajiye littafin a kan zanen da ubanta ke yi. Na kashe inji.

"Baba, ina da ita?"

"Da me, Auta?"

"Cutar."

"Ba ki da komai. Wallahi ba ki da komai."

"Ƙwayoyin da Mama ta ba ni kwanaki fa?"

"Na zazzaɓi ne, ai ke ma kin sani."

"To me ya sa ka sa ni?"

Ya ce, "Don kin fi kowa kyau." Ta tsaya tana kallonsa kamar da wani yare ya yi magana.

A hankali muka ji yadda aka yi. An raba littafin a ajinsu, malama ta karanta musu har shafi na goma sha huɗu, inda aka watse aka bar yarinyar ita kaɗai a benci, sai aka kaɗa ƙararrawa. Washegari aka shiga bitar jarrabawa, ba a sake komawa kansa ba. Yara kuwa hoto suke kallo. Abin da suka gani a shafi na goma sha huɗu, shi suka aikata. Suka sa mata suna 'Yar Ƙwaya. Babbar ƙawarta ta ce mamanta ta hana ta ko biro ta ara mata.

Na raka shi wajen shugabar makarantar, domin Fensir in ransa ya ɓaci magana ba ta fita.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ki tara su ki gaya musu yarinyar nan ba ta da komai."

Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna. "A makarantar nan akwai yara biyu masu cutar da gaske. Daga ni sai iyayensu muka sani. In na tsaya gaban taro na wanke 'yarku, me na gaya wa waɗancan biyun? Na gaya musu abin ƙazanta ne da ake wanke mutum daga gare shi. Ku faɗa min yadda zan yi, in yi."

Ta yi alkawarin za a ƙarasa littafin a kowane aji, kuma ta cika. An karanta har shafin kwano ɗaya, yara suka tafa. Bencin Auta yana nan yadda yake, ita kaɗai.

Fensir ya kai ta asibiti aka gwada jininta, ya ɗauki takardar ya kai wa uwar ƙawar tata har gida. Matar ta tsaya a bakin ƙofa, ko karɓa ba ta yi ba. "Malam, mu ai ba mu ce komai ba. Amma dai uba ba ya saka 'yarsa a irin wannan littafi haka kawai."

Marubuciyar ta zo da ta ji, idonta ya yi jawur. Ta ba shi haƙuri, ta ce a bugu na biyu za a canza fuskar. Bayan ta fita manaja ya ce ba wani bugu na biyu, ƙungiyar ta rufe wannan shirin ta koma kan tsaftar ruwan sha.

Ni ban iya ba da haƙuri da baki ba. Na ce wa Fensir ya zana wata fuskar. Ya haɗa idon mai gadi, da bakin wata mata ta jikin kalanda, da goshin manaja. Mummuna ce, amma ba ta kowa ba ce. Na buga ta a takarda mai gam, muka zauna da almakashi muna yankawa. Fuska goma sha ɗaya ce a kowane littafi, har da ta bango. Ya ɗauki hutun mako biyu, ya hau kekensa yana bin makarantu da jaka a wuya. Wasu suka bar shi ya zauna a baranda yana liƙawa, wasu suka ce sai ya kawo takarda daga sama. Ya liƙe littafi ɗari huɗu da 'yan kai.

Abin da ban yi tunani ba, yaro in ya ga abu a liƙe, farce yake sa masa. Suka ɓare, suka ga wata fuskar a ƙasa, sai magana ta canza, aka ce ai da ma gaskiya ne, shi ya sa ake ɓoye ta. Garin neman gira muka rasa ido, kuma dabarar tawa ce.

Fensir ya canza wa Auta makaranta, can ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake hawa. Kwana tara ta yi lafiya. A na goma wani yaro ya tsura mata ido, ya tashi ya buɗe kabad ɗin aji ya ɗauko littafin. Daga ranar ta cire kayan makaranta ta ninke, ta ce ba za ta koma ba. Uwarta ta yi faɗa, ta yi lallashi, yayyenta suka zo suka yi nasu. Ba ta yi musu rashin kunya ba, ba ta kuma tashi ba.

Fensir yana zuwa aiki har yanzu. Ba ya makara, ba ya hira. Duk labarin da aka kawo, zomaye da kunkuru yake sa wa riguna, ko ya zana yara sun juya baya. Manaja ya yi mita har ya gaji.

Makon jiya da rana na je gidansu. Uwar Auta tela ce, na same ta kan keken ɗinki a tsakar gida, Auta na zaune a tabarma tana warware bakin wata riga da reza. Uban yana kan kujera daga bayanta, hannunsa ba komai. Na je ne da niyyar in ce mata ta koma, na ma shirya maganar tun a hanya.

Ta riga ni. "Kawu, ai kai ka buga littafin nan ko?"

"Ni ne."

"Zan koma makaranta, na gaya wa Mama. Jira nake littattafan su ƙare. 'Yan ajinmu ba sa barin littafi, na lissafi ma bai kai ƙarshen shekara ba ya zama tsumma. Irin wannan wata nawa yake yi kafin ya yage?"

Ƙungiyar nan ba ta yi rowa ba. Takarda mai kauri ta ce a sa, a ɗinke da zare maimakon a buga ƙarfe, a shafe bangon da leda yadda ko ruwa ba zai shiga ba. Ni na tsaya a kan aikin, kuma ban bar ko ɗaya ya fita da aibi ba.

Fensir ya ɗago ya dube ni ta saman kanta. Na gane abin da yake roƙo.

"Ya danganta da riƙo," na ce.

"Kawu, kai fa ba ka ƙarya."

Keken ɗinkin ya tsaya. Na duba ƙasa, na duba uban, na rasa inda zan sa idona.

"Shekara takwas," na ce. "In an kula da shi, goma."

Ta ajiye rezar, ta ƙirga da yatsu, leɓenta na motsi. Da ta gama ta gyaɗa kai, ta ɗauki rigar ta ci gaba da warwara.

Uwar ta ce, "Ka sha ruwa mana, ga shi nan kusa da kai."