Anti Rabi da Takardun Tallarta

Ina cikin bas a kan titin Oxford Road a Manchester da safe Safiya ta kira ni daga Birmingham. Da na ji ta fara magana da Hausa, ita da ba ta cika yi ba, na san ba lafiya. Ta ce mahaifiyarta, Anti Rabi, ta cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauka a inda ban yi niyya ba, na tsaya ina kallon ɗalibai suna wucewa.

Anti Rabi 'yar zangon Kumasi ce, amma a unguwar Small Heath da ke Birmingham ta yi mafi yawan rayuwarta. Ta daɗe tana koyar da Turanci a sakandare. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigidanta, Alhaji Musa, sai ta ajiye aiki don jinyarsa, ta koma gyara wa ɗaliban jami'a rubutunsu a teburin falonta. Da wannan 'yar sana'a take riƙe gidan. Duk hunturu, lokacin da ɗalibai ke fafutukar miƙa aiki, takan bar Alhaji a hannun Safiya, ta hawo jirgin ƙasa zuwa Manchester da jaka cike da takardun talla.

A unguwar Fallowfield ta Manchester na fara ganinta. Na zo karatun digiri na uku, bayan shekaru ina koyarwa a jami'a a gida, kuma malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi guda ya ce ba ya gane Turancina. Na karɓi takardarta na cusa a aljihu don kada a gan ni. Da na kira ta, abin da ta fara faɗa mini shi ne, "Gyara nake yi, ba na rubuta wa kowa. Tunanin naki ne, ni hanya kawai zan share masa." Babin ya wuce. Sannu a hankali ta koya mini aikin, har ta fara turo mini wasu rubuce-rubucen.

Da wani hunturun ya zagayo, ta ce in raka ta talla. Na rasa yadda zan ƙi. Muka tsaya kusa da tashar bas, ana yayyafi, sanyi yana ratsa safar hannu. Ita tana gaishe da kowa da fara'a, in an ƙi karɓa ta yi godiya, in an yar ta sunkuya ta ɗauka. Ni kuwa na ja gyale na rufe rabin fuska, ina addu'ar kada wanda ya san ni ya biyo.

Sai ga Nafisa, yarinyar da na koyar a gida, wadda ta zo digiri na biyu. Ta tsaya cak ta ce, "Malama, ke ce?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tuni na fara jin yadda labarin zai isa gida, a ce an gan ni ina rabon takardu a titi. Anti Rabi ta matso ta ce mata mu abokan aiki ne, sannan ta tambaye ta yaya karatu. Sai hawaye suka zubo wa yarinyar. Ashe an kayar da ita a aiki guda, kuma in ta sake faɗuwa za a janye tallafin karatunta. Ba ta gaya wa kowa ba.

Anti Rabi ta kai mu wani shagon shayi, ta sa Nafisa ta buɗe aikin a wayarta, ta ce ni zan duba shi tunda na san fannin. Bayan yarinyar ta tafi, ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "Hadiza, da kin ɓuya, wa za ta gaya wa?" Har yau in na tuna, sai kaina ya sunkuya. Nafisa ta kammala karatunta.

Ranar ta'aziyya falon Small Heath ya cika da ɗalibai daga Manchester da Birmingham. Mun san juna, muna haɗuwa a masallaci da wajen suna, amma babu wanda ya taɓa cewa ita ke gyara masa aiki. Muka zauna muna satar kallon juna. Safiya ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa ambatar sunan ko ɗaya daga cikinmu ba, ko a gaban iyalinta. Takan ce wanda ya kawo maka rubutunsa ya ba ka amanar mutuncinsa. Alhaji Musa, daga kan kekensa na marasa lafiya, yana ta yi mana godiya da kalmomin da ke fita da ƙyar. Mu yake gode wa. Na kasa ɗaga ido in dube shi.

Allah ya jiƙan Anti Rabi, ya gafarta mata, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Yadda ta rufa mana asiri, Allah ya rufa nata ranar da babu wani asiri a rufe. Allah ya ba Alhaji Musa lafiya da haƙuri, ya ƙarfafa Safiya a kan nauyin da ya dawo kanta. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.