Idi Gaisau da Motar Surukinsa

A tashar Ƙafin Maiyaki, in ka ce kana neman Idris Ghali sai a yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Idi Gaisau, ko mai sayar da rake zai nuna maka shuɗiyar motarsa mai ɗaukar fasinja zuwa Doguwa.

Gaisuwa ce ta jawo masa sunan, kuma gadonta ya yi. Mahaifinsa Malam Ghali yana cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye ƙauyensu. Har ya koma ga Allah maganarsa ɗaya ce: "Ruwa ya ci gidanmu, bai ci ladabinmu ba. Kada ka kuskura ka wuce mutum ba ka gaishe shi ba." Idi ya riƙe wannan wasiyya da hannu bibbiyu. Sai dai tsohon a ƙafa ya yi rayuwarsa, bai san ɗansa zai zama direba ba.

Ga yadda Idi yake obatekin, wato wuce mota a titi. Zai fita hannun da ba nasa ba, ya zo daidai da motar da zai wuce, sai ya sassauta ya leƙa ta taga.

"Barka da hanya! Ya gida? Ya mai jiki, ta samu sauƙi? An yi shuka kuwa a wajenku?"

Motoci biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, titi ya toshe, fasinja na salati, shi kuwa bai kai ga tambayar yara ba. In an yi masa magana sai ya ce, "To ni jaki ne da zan wuce mutum haka kawai?"

Matarsa Hamdiyya ta yi faɗan, ta yi lallashin, har ta gaji. Kullum zai fita sai ta raka shi zaure ta ce, "Don Allah yau ka yi rowar baki." Ya ce to, ya fita ya gaida duk wanda ya gani.

Ranar da dubu ta cika, a wata kwana ce kafin Tudun Wada. Ya fita wuce wata bas, ga kwana ga hawa, ba ya ganin abin da ke tafe. Yana cikin tambayar direban ya aka ji da haƙurin rashin kawunsa, sai ga tirela ta ɓullo tana ƙugi. Idi ya murɗe sitiyari, suka tsinci kansu a tsakiyar gonar masara. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, sai wani dattijo da ya haɗiye goronsa ɗungurungum.

Washegari Ciyaman Imran, shugaban direbobin tashar, ya kira shi gaban kowa.

"Idi, ba a wuce mota a kwana, ba a wuce ta a hawa. In ka fita, ka wuce ka koma hannunka. Titi ba zauren mai unguwa ba ne. Na sake jin ka gaida wani kana obatekin, na cire ka daga layi, kuma ba mai dawo da kai."

Idi ya ce to, ya koma motarsa. Shekara goma sha bakwai yana tuƙi, bai iya komai ba sai shi. Ko fartanya ya riƙe, ba ya gama kunya ɗaya sai ya tsaya gaida na gonar maƙwabta.

Sati guda ya yi yana daurewa. Sai ranar Laraba Ciyaman da kansa ya shiga gidan gaba, za shi suna Doguwa. A baya akwai Zubaida mai kifi da kwandonta na ɗanyen karfasar Tiga a but ɗin motar. Ba su yi nisa ba Idi ya hango wata tsohuwar a-kori-kura ɗauke da buhunan masara. Ta Alhaji Uba ce, mahaifin Hamdiyya.

To fa. Mutumin da Idi ke cire takalmi tun daga bakin layi in za shi gidansa, shi zai wuce fuu kamar bai san shi ba? In kuma ya gaishe shi, ga Ciyaman a gefe. Sai ya zaɓi hanya ta uku, ya lafe a bayan surukinsa.

Alhaji ya rage gudu. Idi ma ya rage. Alhaji ya ƙara ragewa, Idi ya sauko giya ta ɗaya. Wani mai keke ɗauke da akuya ya wuce su duka biyun, har yana waiwaye.

"Direba," in ji Zubaida, "ni fa ɗanyen kifi na sayo, ba daddawa ba. Ko jana'iza muke rakawa?"

"Surukina ne, Hajiya."

"To ni surukina ne? Wallahi in kifin nan ya juya, a motarka zai kwana!"

Motoci suka taru a bayansu, hon ta ko'ina. Wani mai gaggawa ya fizgo zai wuce su duka a kan gada, da kyar ya sha. Ciyaman ya dubi Idi ya ce, "Ka gani? Wannan rarrafen ma haɗari ne. Ga miƙaƙƙen titi can, ba kowa. Ka wuce shi."

Idi ya share gumi. Ya duba madubi, ya kunna sigina, ya leƙa ya ga titi fes har iya ganinsa. Sannan ya cire hularsa ya cusa a baki ya datse da haƙora, don ya san halin bakinsa. Ya taka mota. Daidai tagar Alhaji gaisuwa ta taso masa har maƙogwaro, ta ci karo da hula ta koma. Ya wuce, ya koma hannunsa, hawaye na zuba. Kunya ce ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Da ya sami fili ya sauka gefen titi sosai, ya fito, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. A-kori-kura ta iso ta tsaya a bayansa, Alhaji ya sauko.

"Baba, a yafe ni. Na wuce ku ban gaishe ku ba."

"Cire hular daga bakinka, ba na jin ka."

Idi ya cire, ya maimaita.

"Kai Idi, tun ɗazu nake rage gudu don ka wuce ka ba ni lafiya, kana ta ragewa! Shekara tara ina hango motarka a madubi ina addu'a kada ka zo gaishe ni." Sai muryar tsohon ta sauka. "Ranar da ka faɗa gonar masara, Hamdiyya ta zo gida ba takalmi a ƙafarta, ta zaci an mutu. Ni na ƙoshi da gaisuwarka. Ita ce take jiran sallamarka da yamma a ƙofar gida. Ka kai mata."

Idi ya miƙe, ya saka takalminsa, ya koma mota.

Har yau yana layinsa a tasha. Hularsa duk ta tattaune a gefe guda, kuma ya hana Hamdiyya ta sake masa wata.