Inna da Kifayen Falona

Jama'a, sababbin kifayena sun cika sati biyu, ko ɗaya bai mutu ba! Yau har rawa na taka a falo.

Wancan karon shida na rasa cikin kwana uku, na yi ta zargin ruwan famfo. Na tafasa duwatsun, na dirje akwatin gilashin da ruwan gishiri, na shanya shi a rana. Matar da ke sayar mini da kifi a Sabon Gari ta ce in bar sabon ruwan ya yi sati tukuna. Na bi.

Ranar da na zuba sababbi, sai ga Inna, mahaifiyata, ta gutsuro ƙosai ta nufi gilashin.

"Inna! Me za ki yi?"

"Yo in ci suna kallona? Waɗancan ma kullum sai na sam musu."

Ashe man ƙosai ne ya kashe su!

Na roƙe ta har da durƙuso. Yanzu in za ta karya kumallo, sai ta lulluɓe gilashin da zane, ta ce, "Ku yi haƙuri, bayin Allah."

Wa ke da irin Innata a gida?