Yadda Baba Agwada Ya Shiga Aji Uku

Ku da kuka san Baba Agwada, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganinsa da takalma iri ɗaya? Babu! Ƙafar dama sabon da ya ɗinka, ƙafar hagu tsohon bara. Baduku ne, kuma a wurinsa cin amana ne ya sayar wa mutum takalmin da ƙafarsa ba ta ɗanɗana ba. Haka yake zuwa Juma'a, haka yake zuwa ɗaurin aure, ɗaya na kuka ƙiiƙ-ƙiiƙ, ɗaya na sharar ƙasa. Ka yi magana ya ce, "A gwada tukuna." Sunansa na yanka Mamman, amma wa ya tuna?

Ni Kulu, 'yarsa ta fari, kun san ni da littattafan soyayya. Sai yara sun ɓoye mini su nake cin abinci. Na karanta masoya iri-iri, masu kuka a gindin fure, masu suma don an harare su, amma ban taɓa cin karo da irin Baba ba. Inna ta ce ranar da ya fara zuwa zance ta ci kwalliya, ta zizara tozali, tana jira ya kira ta tauraruwa. Sai ya zaro takalma daga aljihu.

"Sa, ki je rijiya ki dawo."

Ta je ta dawo.

"Ya ci miki ƙafa?"

"A'a."

"To haka zama da ni yake. Ranar da ya ci kuma, ki kawo a gyara."

Wallahi marubutan nan su taru su rubuta wanda ya fi wannan in gani!

Zamanin Turawa ne, muna Birnin Gwari tun ba a fara ce masa Tsoho ba, ina aji uku a elementare. Bayan girbi Baba ya ce zai tafi Gabas aikin hajji, ta ƙasa. Tafiyar shekaru ce: Yarwa ta Barno, Fallomi ta ƙasar Cadi, ƙasar Sudan, a tafi a tsaya a yi sana'a a sami na gaba. Wasu su dawo da furfura, wasu shiru har yau. A al'adar garinmu mai irin wannan tafiya yakan bar yara riƙo a hannun dangi. Baba ya ce shi da Inna da Uwata. Ni ce Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ni kam na riga na tafi a zuciya. Ina tsintar tsakuwa a shinkafa ina hango kaina a kan raƙumi, mayafina na kaɗawa, Bahar Maliya ja wur a gabana. Amma mutum biyu suka tsaya a hanya: Goggo Hajara, yayar Baba, da Malam Isiyaku, malaminmu. In ɗayansu ya yi nasara, iyayena za su tafi su bar ni.

Goggo ce ta fara. Ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Mamman, kanka ɗaya kuwa? Yarinyar da ƙafafunta kamar sillen kara? Kafin ku kai Zariya kun haƙa mata rami!"

"Yaya, a gwada tukuna. Kuma da ke za a yi, ki zama shaida."

Sai ya ɗaura wa jaki kaya, Inna ta ɗau tukunya, na ɗau buta da tabarma. Abin da bai yi ba shi ne gaya wa mutanen gari cewa gwaji ne. Kai jama'a! Unguwa ta fito. Liman ya yi doguwar addu'a, aka yi ta yafe-yafe, aka cika mu da dakuwa da ƙuli-ƙuli. Iya Tabawa maƙwabciyarmu ta yi kuka har ɗankwalinta ya faɗi.

Muka nausa daji wajen Dogon Dawa. Itatuwan doka sun haɗe kai, birai na leƙenmu, ƙudan tsando na cizo kamar an aiko shi. Muka iske wani Bafillatani da shanunsa, ya ce, "Ina zuwa da iyali haka?" Baba ya ce, "Makka." Mutumin ya cire malfa ya ce a sa shi a addu'a.

Kafin la'asar ƙafafun wata sun kumbura, amma ba nawa ba. Aka sauke wa jaki kaya aka ɗora Goggo, ni na ƙara da ƙwaryarta a kaina. Muka kwana a wani ƙauye, da safe muka juyo. Bafillatanin nan yana nan inda muka bar shi. Ya ware ido.

"Subhanallahi! Har kun dawo? Sannu Alhaji! Ashe kusa ce ake ta ba mu tsoro!"

A gari kuwa Liman ya taso a ruɗe. "Mamman, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Gwaji ne."

Iya Tabawa ta riƙe ƙugu. "Gwaji? Kukan da na yi fa?"

"Ya yi kyau, Iya. Ranar ta gaskiya ki ɗan ƙara murya, na baya ba su ji ba."

"Ƙuli-ƙulina fa, ɗan nema?"

"Ya jure hanya. A ƙaro irinsa."

Goggo tana gasa ƙafa da ruwan zafi ta ce, "Na gani, tana iya tafiya. Amma don Allah me zai hana ka bar mini ita? Cutar ta zan yi?"

Baba ya daɗe yana murza zare a cinya. Sannan ya ce, "Yaya, kin manta? Da Babanmu ya tafi Gabas, wa ya bari? Ina bakin ƙofar gari ina duban hanya har na yi gemu. Wannan na riga na sa shi a ƙafata, na san inda yake ci. Ba zan sa wa Uwata ba."

Goggo ta share ido da bakin zane. "To ka ɗinka mata takalma masu kyau. Nawa sun kusa kashe ni."

"Naki ai ba ni na ɗinka ba."

Ranar da mai lamba ya zo yi wa matafiya riga-kafin agana ma sai da aka yi. Baba ya miƙa hannun dama aka tsaga, ya miƙa na hagu. Mai lamba ya ce, "An yi maka ai." Ya ce, "Wannan na yarinya ne, in ji yadda zai yi mata." Mutumin ya ce shi tun da yake aiki bai taɓa yi wa wani lamba a madadin wani ba. Baba ya ce, "To yau ka fara." Sai da ɓawon ya bushe ya faɗi sannan ya kai ni.

Saura Malam Isiyaku. A lokacin, yaron da aka sa makarantar En'e ba a cire shi sai malami ya gaya wa hakimi ya yarda. Malam ba mugu ba ne, sona yake da karatu. Ya ce, "Baba, 'yan mata nawa gare mu a makarantar nan? Kulu ce kan gaba a ajinta. A hanya wa zai ci gaba da koya mata? Ta dawo ko baƙi ba ta tunawa."

"Ni zan koya mata."

"Ka iya boko ne?"

"A'a. Akwai wuri a benci?"

Malam ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Washegari sai ga Baba da allo da alli, da gemunsa da babbar rigarsa, ya zauna kusa da ni, gwiwoyinsa na taɓa haɓa. Yara suka yi ta birgima. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma da na ga yadda ya riƙe allin nan kamar basilla, yana gumi a kan baƙi ɗaya saboda ni, sai na ɗaga kai na bi su da harara ɗaya bayan ɗaya. Wa ke da uba irin nawa?

Wata safiya mai sayen fata ya riƙe shi, ya makara. Ya tarar ana yi wa 'yan latti bulala, sai ya bi layi ya miƙa hannu.

Malam ya ce, "Haba Baba! Ni in doke ka? Ka haife ni!"

"In ba za ka doke ni ba, ka karɓe wadda ka ba yaran nan."

Tun da bulala ba ta karɓuwa, sai aka sallami sauran. Daga ranar duk wanda ya makara sai ya laɓe a gindin tsamiya ya jira Baba, su shigo a bayansa kamar 'yan tsaki.

Lissafi kuwa, a nan aka yi yaƙi.

"Baba, bakwai sau takwas?"

"Na mene ne? Fata ko goro?"

"Ba na komai ba."

"To in ba na komai ba ne, me ya dame mu da shi?"

In mun koma gida sai ya shimfiɗa buzu a zaure, yana ɗinki ina zana masa baƙaƙe a ƙasa. Ya ɓata in share, ya sake ɓatawa in sake sharewa. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, tuwo zai huce." Ya ce, "Malama ba ta tashe mu ba."

Aka yi jarrabawa. Baba ya zo na ƙarshe. Har Ɗanjuma mai barci a aji ya wuce shi! Na fita bayan aji na yi kuka, don na san ta ƙare: wanda ya zo na ƙarshe ba zai koya wa kowa komai ba. Raƙumina ya tafi ya bar ni.

Malam Isiyaku ya kira mu. Ya ce, "Baba, ka zo na ƙarshe."

"Na ji. Dole wani ya zo."

"Amma ka zo nan ko baƙi ɗaya ba ka sani ba, yanzu kana rubuta sunanka, kana karanta layi har ƙarshe. Ba ni na koya maka ba, ni ciwon kai kawai na samu. Wa ya koya maka?"

Baba ya nuna ni da haɓa.

Malam ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Mai koyarwa ba ya mantuwa. Ku tafi. Amma da sharaɗi: kullum ta ba ka darasi, ko a ina kuka sauka. Zan gaya wa hakimi ban rasa ɗaliba ba, malama na tura Gabas da ɗalibi ɗaya."

Baba ya gyara hula. "In na makara fa?"

"Ta doke ka."

Muka tafi, mu uku. Na ba shi darasi a inuwar mota a Yarwa, na ba shi a bakin gonar auduga a Sudan, na ba shi a cikin jirgin ruwa yana amai yana haɗa baƙi. Bahar Maliya dai ba ja ba ce, na ji haushin wannan. Muka dawo ina budurwa, da ƙanina Sani da aka haifa a hanya yana gudu a gabanmu. Baba bai taɓa wuce aji uku ba, amma har ya koma ga Allah in na shiga ɗakinsa sai ya gyara zama.

Yanzu zauren ya yi shiru, buzun na nan a naɗe. Ya Allah, bawanKa Mamman ya sha dariyar gari, ya zauna a bencin yara da gemunsa, don kada ya bar 'yarsa a baya. Ranar da ayarin masu rahama zai tashi, kada Ka bar shi a baya. Ka haɗa shi da mahaifinsa da ya daɗe yana duban hanyarsa. Amin.