Madam Ramatou, Mai Tambayar Sunan Yanka

Kowace Talata, kafin rana ta yi zafi, Madam Ramatou takan fito daga gida da jaka ɗaya a kafaɗa. Ba komai a ciki sai kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, alƙalamin bik biyu, tabarau, da gorar ruwa wadda ba ita ke shanye ta ba. Ta tare kabu-kabu, ta yi masa ciniki kamar moton za ta saya gaba ɗaya, sannan ta hau a hankali saboda gwiwa. Ƙarfe takwas tana bakin gidan kaso. Ba zan faɗi ko wanne ba ne. Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa tuwo bayan ƙofar ƙarfe ya san irinsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan zirga-zirga, ba albashi, ba mota, ba ko kujerar da za a ce tata ce. Abin da ta riƙe takarda ce guda ta izinin shiga, wadda wata ƙaramar ƙungiya ta masu sa ido kan zaman ƴan kaso ta samo mata. Ƙungiyar ma yanzu saura suna. Cikin su huɗu, biyu sun rasu, ɗaya ya koma Yamai, sai ita kaɗai.

Ni ɗalibinta ne. Shekara uku ta koyar da ni a lakol kafin ta ajiye alli, kuma kunnena na hagu har yau bai manta da ita ba. Yanzu ina zaune ƙarƙashin rumfa kusa da gidan shari'a, ina rubuta wa mutane takardu da Faransanci. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma Abdul'aziz ya ba ni labari, gardi ne mai tsaron gidan kason, mutumin Bilma.

In ta shiga, takan fara da ƙirga mutane. Ɗakin da aka gina don mutum talatin ta sha samun casa'in da ɗoriya a cikinsa, kwanciya bi da bi, wasu na barci wasu na tsaye suna jira. Ta murɗa famfo ta gani ko yana kawo ruwa. Ta sa hannu cikin tukunyarsu ta ci, tana kallon mai dafawa ido cikin ido. Gardi biyar ne a kan mutum ɗari uku da wani abu, kuma su ma ba ta bar su ba a rahotonta. Abdul'aziz ya ce mini, "Da hwarko mun ƙi jininta, mun ce tsohuwag ga ta zo ta ɓata muna suna. Sai na ga ta rubuta cewa shekara ukku ban samu hutu na ga ɗiyana ba. Wallahi ko shugabana bai san da haka ba."

Duk wata uku tana aika rahoto sama. Arba'in da huɗu ta aika. Amsar da takan dawo kalma biyu ce, "Bien reçu", wato an karɓa, a wani lokacin ma ko su ba ta samu. A shekara goma sha ɗaya abin da na san ya canza famfo ɗaya ne aka ƙara da rumfar kwano a tsakar gida. Ina rubuta wannan raina a ɓace, don na san yawan daren idon da ta kashe a kan waɗannan takardu, kuma ban yarda akwai wanda ya karanta ko ɗaya har ƙarshe ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki bik yau wani ne daban. Tun da aka soma haƙar zinariya a daji, gidan kaso ya cika da baƙi, samari daga kudu da Najeriya, waɗanda ba su da kowa a garin nan. A bakin ƙofa a tambayi mutum sunansa, sai ya ba da wanda abokan rami ke kiransa da shi: Dogo, Ɗan Katsina, Bature. Magatakarda ya rubuta abin da ya ji, aiki ya yi masa yawa, ya wuce na gaba.

Akwai wani saurayi daga wajen Tasawa da aka kwaso tare da wasu bayan faɗa ya tashi a bakin rami. Kullum yana kusurwa ɗaya, ba ya ƙorafi, ba mai kawo masa ziyara. Wata Talata Madam ta tsaya kansa. Abdul'aziz yana bayanta da makullai.

"Kai ɗana, mi sunanka?"

"Ɗan Lami, Iya."

"Wannan na ji shi. Ranar Alhamis aka haihe ka, madalla. Da aka yanka rago, wane suna liman ya raɗa maka?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa kamar an tambaye shi abin kunya. Sannan ya ce, "Ilyasu. Amma ba mai kirana da shi. Sunan kakana ne, uwata ba ta iya hwaɗin shi."

"Ubanka hwa?"

"Abdullahi."

Talata uku ta yi a durƙushe cikin biro, ofishin gidan kason, tana tone kwalayen tsofaffin takardu. A ta uku ta samu. Takardar alƙali ce ta sallama, da hatimi da sa hannu, an rubuta Illiassou Abdoulaye. Kwanan watan da ke kanta ya kai shekara biyu da wata huɗu. Waɗanda suka kama shi sun kwafi suna daga takardar shaidarsa, gidan kaso kuma ya rubuta wanda ya fito daga bakinsa. Da takardar ta iso aka duba littafi ba a ga mai wannan suna ba. Wani gardi ya leƙa ɗakin mutum casa'in ya kira sau ɗaya, ba a amsa ba, aka ce ƙila an mai da shi wani gari, aka jefa ta kwali.

Madam ta tambaye shi ko bai ji kiran ba. Ya ce, "Na ji, Iya. Na ɗauka wani ne."

Ranar da ya fito ta kawo shi rumfata don in rubuta masa takardar zuwa gidan likita, saboda tari ya riga ya kama shi. Na miƙa masa kujera, ya tsaya yana kallonta sai da Madam ta ce ya zauna. Wuyan hannunsa bai fi kaurin kara ba. Ta kai shi aka ba shi magani, ta raka shi tasha, ta sa shi a motar kudu. Bayan wata biyu wansa ya kira ta a salula ya ce Allah ya yi masa rasuwa, a ɗakin uwarsa. Na je yi mata gaisuwa, na buɗe baki ina cewa ai ta yi ƙoƙari, ta fid da shi. Ta katse ni kamar ina aji.

"Bubakar, bari wannan magana. Ban hidda shi ba. Wurin mutuwa kaɗai na canza mishi. Shekara biyu ina wuce yaron ga ina ƙirga shi, ban tambaye shi ba."

Daga ranar ba wanda ya sake shiga gidan nan ba ta tsaya kansa ta tambayi sunan yanka da na uba da na gari ba, ta kwatanta da abin da ke cikin littafi. Mutum uku ta ƙara samu da takardunsu kwance a kwali. Waɗannan sun fita da ƙafarsu, kuma suna raye.

Madam, ke ce uwar waɗanda ba a ziyarta. Ke ce kika shiga inda mu maza muke toshe hanci mu wuce, kika ci abin da ake ba su, kika kira su da sunan da iyayensu suka zaɓa. Ba ki gyara gidan kaso ba, ke ma kin sani, kuma ba zan yi miki ƙarya a gaban mutane ba don na san ba za ki yafe mini ba. Ɗakin yana nan yadda yake, gardi biyar ɗin sun koma huɗu. Amma muddin kina zuwa, mutum ba ya ɓacewa a ciki alhali yana numfashi.

Yanzu yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma, gwiwa kuma ta ƙi hawan moto. Ƙarshen watan nan takardar izininta za ta ƙare, kuma ba a sabunta ta sai da sunan wanda zai gaje ta. Ta yi magana da tsofaffin malaman lakol, ta aika wa masallatai, ta tare ƴan kasuwa. Kowa ya sa mata albarka, ba wanda ya ba da sunansa. Mun iya yabo a garin nan, kamar ba gobe. Ni kaina ta zo rumfata ta tambaye ni, na ce sai na yi shawara. Ba shawarar da nake yi. Tsoron warin ɗakin nan nake, da tarin, da ranar da ni ma zan makara a kan wani. Na faɗa ne don kada a ɗauka mai wannan rubutu ya fi masu karanta shi.

Mun gode, Madam Ramatou. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ido da ƙafa, ya kira ki ranar gobe da suna mai daɗi. Ku kuma jama'a, ni da ku, aikin ba ya son digiri ko ƙarfi. Yana son mai iya rubutu, mai safiyar Talata guda, mai haƙurin yin tambaya sau biyu.

Talatar da ta wuce ita ce ta ƙarshe da ta shiga. Ta tarar an kawo sababbin mutum goma sha huɗu daga ramukan zinariya. Ba ta ganin layin kaye, don haka tana tambaya Abdul'aziz yana rubuta mata. Ta kai kan na shida lokacin ziyara ya cika, aka rufe ƙofa. Sauran takwas ɗin suna can yanzu haka, an rubuta su Dogo da Ɗan wane da Ɗan wane, kuma Talata mai zuwa ba mai zuwa.