Inna, Baba Ya Ƙi Cin Abinci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Maris, Allah ya karɓi ran surukata, mahaifiyar mijina, wadda mu a gida muke kira Inna, maƙwabta kuma suke kira Mai Lambu. Ba ta yi jinya ba. Ta zaga lambunta da bokitin ruwa za ta ba shukarta, na ji shirun ya yi yawa, na leƙa, sai na same ta zaune jingine da katanga, bokitin ya kife a gefenta. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Inna, yau da ke nake magana, don na rasa wanda zan kai wa kukana. Tun da kika tafi Baba ya ƙi cin abinci, kuma dabarata ta ƙare.

Na zo gidan nan daga gidan da idan mai bai yi iyo a kan miya ba, to ba a yi girki ba. Ranar da na fara leƙa tukunyarki na ga wake, ga ganye, ga kabewa, ga ɗan kifi, nama kuwa sai an sa ido, na ce a raina lallai na faɗo gidan rowa. Kika karanta fuskata kika yi dariya, kika ce, "'Yar nan, in kika duba kwano kika ga launi ɗaya, ba ki gama girki ba." Ba ki taɓa yi mini faɗa a kan tukunyata ba. Ni da ɗanki muna sashenmu muna soye-soyenmu, ke da Baba kuna naku. Iyaka dai kullum sai kin aiko wa jikokinki kwano, kuma kina sane da yadda nake tsince kabewa ina turewa gefe. Har kika koma ga Allah kina tsokanata da cewa ni da kabewa sai an yi mana sulhu.

Lambun naki bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, amma abin da ya ciyar Allah kaɗai ya sani. Alayyafo, tumatir, kuɓewa, albasa, ga kabewar da ta haye katanga ta shiga gidan maƙwabta, kika ce duk wadda ta faɗa can rabonsu ce. Ruwan da aka wanke shinkafa ba ya tafiya kwata, na shuka ne. Ɓawon dankali da na ƙwai da ragowar ganye suna da raminsu a lungu, su ruɓe su koma taki. In na yi mantuwa na zuba su a shara, sai ki bi ki tsince ba tare da kin ce uffan ba, wannan shirun kuwa ya fi zagi ciwo. Kin ce ƙasar da ke ciyar da mutum ita ma tana jin yunwa. Kasuwa kuma da kwandonki kike zuwa, ba kya karɓar leda, kuma abin da yake yayi shi kike saye. Mai kayan miya ya zo gaisuwa yana hawaye, ya ce ya yi shekaru yana miƙo miki leda don tsokana kawai, kina ce masa ya ajiye ya yi hula da ita.

Matar mai gyaran famfon unguwarmu ta ba mu labari a zaman makoki, ta ce lokacin da ta haihu jininta ya yi ƙasa, ke ce kika riƙa kai mata wake da ganye da hanta har ta miƙe, kuma kika hana ta faɗa wa kowa. Jikokinki da ba sa shiri da ganye, kika ba kowannensu shuka ɗaya kika ce tasa ce. Yaro kuwa ba ya ƙin abin da ya tsinko da hannunsa. Ke da kika fi mu duka kiyaye ciki, ke kika riga mu. Na juya wannan a raina har na gaji, ban samo amsa ba, sai dai in ce ajali ba ya duba kwano.

To ga Baba. Kin fi kowa sanin mijinki: tela ne da ya yi rayuwarsa a kan keken ɗinki da kofin shayi mai zaƙi kamar zuma a gefe, ga kafiya, in ya ce a'a ko sama da ƙasa za su haɗu a'a ce. Tun kafin in zo gidan nan likita ya gano masa ciwon suga da hawan jini, kowa ya ce shi ke nan, wa zai iya raba Baba da sukari da gishiri? Sai ga shi yana cin duk abin da kika ajiye masa, har da santi. Mu duk mun ɗauka daɗin hannunki ne.

Da aka watse daga makoki na ɗaura ɗamara. Na ware masa 'yar tukunyarsa, ba mai da yawa, gishiri ɗan taɓawa, duk yadda likita ya ce. In jera a faranti in kai masa ɗaki. Ya ce, "An gode, ajiye nan." In koma in tarar ko murfin bai ɗaga ba. Na ɗauko tukunyarki da ludayinki, na tsinko ganyen lambunki, duk a banza. Yayar mijina ta zo daga gidanta ta gwada nata hannun, ɗanki ya durƙusa ya roƙe shi, Baba ya ce ba ya jin yunwa. Likita ya gargaɗe mu cewa shan maganin suga ba abinci a ciki haɗari ne, kuma mun gani da idonmu: ya taɓa yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa, gumi na keto masa. Wani yammaci na shiga na same shi da allura da zare yana rage ƙugun wandonsa. Wallahi Inna, fita na yi na jingina da bango na yi kuka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai masa farantin, ƙamshin suyarmu na bin bayana daga sashenmu. Ya dubi farantin ya dube ni, ya ce, "'Yar nan, kina ƙoƙari. Amma Innarku ba ta taɓa dafa mini abincin marasa lafiya ba." Na ce, "Baba, ai irin nata na yi." Ya ce, "Tukunya ɗaya take ɗorawa. Abin da na ci shi take ci."

A nan ya faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Ashe ke ce mai kwaɗayin zaƙi a gidan, har sukari kike lasa a cokali kina amarya. Ranar da kuka dawo daga wurin likita kika ɗauke gwangwanin sukarin kika ba maƙwabta, a shekarar kuma kika fara haƙa lambun nan. Lafiyarki ƙalau a lokacin, ba wanda ya hana ki komai. Kika hana kanki, don kada ya zauna shi kaɗai da kwanon da aka ware masa. Mu kuwa, da ƙaunarmu da komai, abin da muka yi ta yi masa ke nan.

Washegari na kife tukunyar sashenmu, na ɗora guda ɗaya don gidan duka. Na ajiye kunyar surukuta, na zuba a kwano ɗaya, na zauna a inda kike zama. Ya ɗauki cokali, Inna, ya ci! Yana ci yana turo yankan kabewa gefena, ɗaya bayan ɗaya, ko kallo ba ya yi, yadda hannunsa ya saba yi miki, don kabewa ce ɗan zaƙin da ya rage miki. Can sai ya ɗago ya ga ni ce. Ya ajiye cokalin a hankali, ya ce ya ƙoshi.

Haka muke har yau. Wata rana ya ci loma kaɗan, wata rana ya kasa. Ban san ko zai murmure ba, kuma ba ni da abin da zan ƙara. Lambun ma ina ba shi ruwa, amma alayyafon ya fara fure, ban san ko cirewa ake yi ko bari ba, wadda zan tambaya kuwa ba ta nan.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk bakin da kika ciyar ya zama shaida a gare ki, ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba, da 'ya'yanki, da jikokinki, da maƙwabtan da kabewarki ke faɗawa gidansu. Allah ya ba mu haƙuri, ya buɗe wa Baba cikinsa, ya kyautata namu ƙarshen.

Gobe ma zan ɗora tukunya ɗaya in zauna a gurbinki. Kabewar da yake turowa kuwa cinyewa nake yi tas, don kada ya duba ya ga ba a taɓa rabonki ba.