Gishirin da Arzika ya ɓoye cikin rudu

Duk Aliero babu matsoraci irin Arzika mai albasa. Ko kaza ta yi tari sai ya bar mata tsakar gida. Amma wurin ajiyar albasa gwani ne. Shina zuba ta cikin rudu, wannan rumfar kara da ciyawa, shi riƙa juya ta shina tsince ruɓaɓɓa har ta yi tsada da damina. Da ita gidanshi ke ci.

Shekarar korona, da aka ce gwamnati za ta rufe kasuwanni, Arzika ya hau babur sai Jega. Ya iske mutane sun wawashe shinkafa da manja, gishiri kaɗai ya rage. Ya ɗauro buhunan da ko gulbi aka zuba ma sai ya zama miya.

Bai gama saukewa ba rediyo ta ce an kafa kwamitin kama masu ɓoye kaya. Ya tura buhunan tsakiyar albasa, ya rufe da ciyawa.

Matarshi Uwani ta ga kwanaki na tafiya. "Malam, ba ka juya albasar nan?"

"In buɗe Ɗantani shi gani? Tun ɗazu maƙwabcin nan ke leƙen darni."

"Akuyarshi yake nema."

"Haka 'yan rahoto ke cewa."

Ruwan farko ya sauka, gishiri ya ja danshi ya fara tsatsafa cikin albasa. Wari ya tashi, har ungulu sunka fara shawagi. Arzika na zagaya rudu shina shinshinawa, ya rame kamar kara, amma ya kasa buɗewa.

Ran nan motar kwamiti ta tsaya ƙofar gida. Arzika ya fito, ya riga ya bar wa Uwani wasiyya. Wani jami'i mai takunkumi ya miƙo mashi leda.

"Baba, tallafin gwamnati ne. Shinkafa, taliya da ƙullin gishiri." Ya toshe hanci. "Mi ya mutu gidan nan?"

Suna tafiya Arzika ya yaye ciyawa. Albasar tsakiya duk ta zama kunu, ta gefe kaɗai ta tsira. Uwani ta ɗaga ƙullin gwamnati.

"Malam, wannan ma cikin rudu za a sa shi?"